Bargar Chatsworth a kan teburin cin abinci

Asabar, 7 ga Satumba, 2024

Yau na sayo kayan aiki. Filawud mai mita ɗaya kowane gefe fam 14, kwali mai kumfa a tsakiya fam 11, gam fam 4, wuƙar yankan kwali da rezojinta fam 6. Fam 35 sun tafi ke nan tun ban yanka ko tsinke ba. Uwargida ta dubi kayan, ta dube ni, ta ce, "Malam, mu kuma a ina za mu riƙa cin abinci?" Na ce sati shida ne kawai. Ta ce Allah ya kai mu.

Abin da nake son ginawa shi ne ƙaramin samfurin bargar dawakin gidan Chatsworth da ke Derbyshire a nan Ingila, ba nisa da Sheffield inda muke zaune. James Paine ne ya zana ta, aka fara ginin a 1758 saboda Duke na Devonshire na huɗu, basaraken da ya taɓa riƙe muƙamin firaministan Birtaniya na ɗan lokaci. Ginin murabba'i ne, ƙafa 190 kowane gefe, hawa biyu, da fili a tsakiya, an kuma yi shi don dawaki 80.

Na zaɓi awon da masu ƙananan jiragen ƙasa na wasa ke amfani da shi a ƙasar nan, wato milimita 4 a madadin ƙafa ɗaya. Da wannan awo ƙafa 190 za ta koma santimita 76, ta zauna a kan filawud ɗin har da rara. Wani amfaninsa kuma, ana sayar da dawaki da mutane na roba daidai wannan girma, ba sai na sassaƙa da kaina ba.

Asabar, 14 ga Satumba

Na je na gani da ido. Bas fam 2 zuwa, fam 2 dawowa. Na sauka a ƙauyen Baslow na taka ta cikin dajin gidan, tumaki na ta kiwo ko a jikinsu. Bargar na kan tudu, sama da gidan ta baya. Ba a banza aka kai ta can ba: Duke ɗin ya sa an rushe tsohuwar bargar da wasu gine-ginen hidima don kada su tare wa gidan fuska, a zamanin da Capability Brown, shahararren mai tsara lambuna, ke gyara masa filayen. Paine ɗin nan kuma shi ya gina gadar dutse da ke kan kogin Derwent a gaban gidan.

Ƙofar shiga ce ta tsayar da ni. Ginshiƙai huɗu na dutse, kowanne da ɗamara-ɗamara ta sassaƙa mai kaushi, a samansu tambarin gidan da bareyi maza biyu na dutse, girmansu kamar masu rai, kuma ƙahonin da ke kansu na gaske ne, ba sassaƙa ba. Can ƙoli hasumiyar agogo da 'yar ƙubba. Wanda bai sani ba zai rantse fadar ce da kanta. Na fi awa guda ina ɗaukar hoton wannan fuska kaɗai, sauran ɓangarori uku kuwa hoto bibbiyu na yi musu na wuce.

Ciki babu doki ko ɗaya. Tun 1939 na ƙarshe suka fita. Yanzu gidajen abinci ne da kantunan tsaraba, mutane na shan shayi a inda ake wanke kofato. Na auna filin tsakiya da taku, sau biyu, yara suna ta kallona.

Talata, 17 ga Satumba

Na zana murabba'in a kan filawud, na yanka bangayen waje guda huɗu. Reza biyu sun dakushe.

Lahadi, 22 ga Satumba

Filawud ya karkace, kuma ni na jawo. Ran Juma'a na shafe fuskarsa ta sama da gam da na tsinka da ruwa, wai don lakar daɓe ta kama da kyau, na jingina shi kusa da na'urar ɗumama ɗaki ya bushe da wuri. Yau da safe na tarar ya yi baka kamar kwale-kwale. Na kwantar da shi a tebur, kusurwa ɗaya ta ɗaga har yatsana na shiga ƙarƙashinta. Na jiƙa ɗaya fuskar, na danne shi da littattafai da buhun shinkafa, da yamma ya ɗan miƙe, da na ɗauke nauyin ya koma gidan jiya.

Gefe ɗaya ya sha ruwa, gefe ɗaya bai sha ba, zafi kuma ya bugi gefe guda. Kowane kafinta a Ƙofar Wambai zai gaya mini haka kyauta. Na sayo wani, fam 14, da sandunan katako fam 5 da na ɗaure masa ta ƙasa da kusoshi. Wannan karon fuska biyu zan shafa, ya bushe a kwance, komai daɗewa. Jimilla fam 58.

Alhamis, 26 ga Satumba

Na kai bangon gaba ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa da ke haɗuwa a unguwarmu daren Alhamis. Akwai wani dattijo a can, tsohon mai zanen gini, ba ya yawan magana. Ya ɗaga bangon, ya miƙa hannu ya nisanta shi da idonsa, ya tambaye ni daga ina na tsaya lokacin da na ɗauki hoton. Na ce a gindin ƙofar. Ya ce ai ga shi nan ya nuna.

Abin da ya faru, na ɗauki tsayin kowane sashe daga hoton da na ɗauka ina ɗaga kai sama, a kan gangare kuma. Duk abin da ke sama ya gajarce a hoton. Hawan ƙasa ya fito dogo, hawan sama ya fito a tsugune, hasumiyar agogo ta zama kamar hular da aka danna. Idona ya saba da hoton har na daina ganin aibin. Shawararsa: in koma in ja baya sosai, in tsaya inda idona zai kusa daidai da tsakiyar ginin, in jawo hoton daga nesa. Sannan in auna tsayin layi ɗaya na dutse da rula, in ƙirga layukan har sama.

Bangon gaba ya tafi kwandon shara. Aikin dare biyar.

Asabar, 5 ga Oktoba

Na koma, fam 4. Na ɗauki hotuna daga nesa, na ƙirga layukan dutse, na zagaya bayan ginin inda ɗakin ajiye kekunan doki yake, wanda Duke na shida ya ƙara daga baya. Shi ba zan sa shi ba, filawud ba zai ɗauka ba. Ruwa ya sauko ina cikin filin, na fake ƙarƙashin bakunan gizo da suka kewaye shi, a nan na fara lura da inda ruwan sama ke bi yana fita. Da ba don ruwan ba da ban kalli ƙasa ba sam.

Asabar, 12 ga Oktoba

Ina so rufin ɓangare ɗaya ya riƙa ciruwa a ga ciki. To cikin Chatsworth ya zama wurin cin abinci, don haka dattijon nan ya ce in je Calke Abbey, wani tsohon babban gida mai barga can kudancin Derbyshire. Wani abokin aiki ya kai ni da motarsa, mai da kuɗin shiga fam 30.

Gidan ya koma hannun National Trust, ƙungiyar da ke kula da gine-ginen tarihi, a 1985, suka yanke shawarar su tsayar da lalacewarsa amma kada su yi masa kwalliya. Saboda haka bargar, wadda ta jan bulo ce, tana nan da fentinta mai ɓarewa, da tsatsa, da ƙura. A nan na ga barga, ba fuskar barga ba.

Kowane doki da gurbinsa, katangar katako dama da hagu, faɗi wajen ƙafa 6, tsawo wajen ƙafa 9. Ana ɗaure shi yana fuskantar bango, komin abinci a gabansa, ragar ciyawa a sama. Daɓen ba a miƙe yake ba, ya ɗan gangaro daga wajen komi zuwa baya, inda wata 'yar kwata ke kwashe fitsari. A irin waɗannan bargogi ingirici da hatsi a bene ake ajiye su, a zubo ta wata kafa kai tsaye cikin raga. Sauƙi ne ga ɗan barga, amma daga baya masana doki suka yi ta sukar tsarin: ƙura na zubo wa doki a ido da hanci, zarnin da ke tashi daga ƙasa kuma yana ɓata ciyawar da ke sama. Shi ya sa bargogin ƙarni na 19 suka fi damuwa da hanyoyin iska, suka kuma yawaita ɗakin da ake sakin doki ba ɗauri, kamar ƙafa 12 kowane gefe, ya juya ya kwanta yadda ya so.

Ɗakin sirdi shi ne abin da ya fi ba ni mamaki a wannan tsari. Akan lulluɓe bangonsa da katako, a sa masa murhu. Ba don jin daɗin mutane ba, don fata. A ƙasar da danshi ba ya ƙarewa, sirdi da linzami na yin fumfuna in ba a ɗumama su ba. Mu a gida tsagewa muke tsoro saboda bushewa, mu yi ta shafa mai.

A mota na yi lissafi. Dawaki 80, kowanne ƙafa 6, ƙafa 480 ke nan na bango in aka jera su layi ɗaya. Kewayen ginin Chatsworth duka ƙafa 760 ne ta waje. A cire ƙofa, a cire kusurwoyi, a cire maƙera da ɗakin sirdi da matakala, za a ga ba a yi ɓarnar fili ba. Girman da na ɗauka taƙama ce zalla, ashe yawancinsa lissafin gindin doki ne.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Na kira Kawu ta WhatsApp. Shi ya yi shekaru yana kula da dawakin wani hakimi, a hannunsa na fara riƙe ragama ina ɗan shekara bakwai. Bayan gaisuwa na juya masa kyamara kan hotunan Calke. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai ɗana, a ina dokin zai yi birgima?"

Na ce, "Kawu, ai fita da shi ake yi."

Ya ce, "To a kan dutse yake kwana?"

Na ce ana shimfiɗa masa kara mai laushi, a kwashe kullum. Ya ce su yashi suke zubawa a gindin turke, in ya jiƙe a kwashe a zuba sabo, ƙasa ta shanye sauran, da yamma a hura hayaƙi saboda ƙuda da sauro. Na gaya masa a nan sanyi da ruwa ne abokan gaba, ba zafi ba, shi ya sa aka rufe ko'ina da dutse aka bar ƙofa ɗaya. Ya ce ƙofa ɗaya dai dabara ce ta ko'ina, mai barga ya zauna a bakinta ya san abin da ya shiga da abin da ya fita, musamman buhun hatsi. Muka yi dariya.

Da na nuna masa gangaren daɓe sai ya gyara zama. Ya ce in ya yi yawa dokin zai kwana yana dogara nauyinsa a ƙafafun baya, jijiya ta gaji. Wannan kuwa shi ne ainihin ƙorafin da Turawa masu doki suka yi a kan tsofaffin bargoginsu. Kawu bai taɓa fita Najeriya ba in ban da aikin Hajji. Ya tambayi inda 'yan barga ke kwana, na ce a bene, saman dawakin. Ya ce, "Madalla. Wanda ba ya jin tarin dokinsa da dare ba ɗan barga ba ne."

Tambarin gidan da bareyin ko kallo ba su ishe shi ba.

Laraba, 16 ga Oktoba

Sabon bangon gaba ya tsaya. Dattijo bai gani ba tukuna, amma ni na gamsu.

Asabar, 19 ga Oktoba

Daɓe. Na sayo laka mai bushewa da iska, fam 6. Kowane gurbi milimita 24 faɗi, 36 tsawo. Na yanke wa kaina gangaren inci 3 daga komi zuwa kwata, wanda a wannan awo milimita ɗaya ne cif. Milimita ɗaya! Na yanka siraran kwali masu kauri daban-daban na shimfiɗa ƙarƙashin lakar, na danna da rula, na zana layukan bulo da bakin allura. Gurbi goma sha biyu sun ci mini yini guda.

Babu mai ganin wannan gangare da ido, uwargida ma ta faɗa. Amma bayan ya bushe na shafa masa man ƙyalli, na ɗiga ruwa da sirinjin maganin yara. A gurbi tara ɗigon ya gangara ya faɗa kwata. A biyu ya tsaya cak a tsakiya, a ɗaya ma komi ya nufa. Na kankare ukun da samfefa na sake su. Kwatar kanta tana buƙatar nata gangaren zuwa waje, abin da na manta da shi gaba ɗaya, don haka ruwan ya taru a cikinta ya yi tafki. Na huda mata mafita ta ƙarƙashin bango. Maginan Paine sun yi wannan da dutse, a kan tudu, ga dawaki 80, ba su da sirinji.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Daren jiya aka mayar da agogon ƙasar nan baya da awa ɗaya, ni kuma yau na zauna a kan hasumiyar agogo. Ƙubbar da rabin ƙwallon tebur na yi ta, ginshiƙanta da tsinken sakace. Fuskar agogon ba ta kai farcen babban yatsa ba.

Da na ɗauka agogon barga ado ne. A zamanin da talaka ba ya da agogon aljihu, shi ne ke gaya wa kowa a gandun lokacin tashi, lokacin ba dawaki hatsi, lokacin da keken maigida zai tsaya a ƙofar gida. Shi ya sa kusan kowace babbar barga a Ingila za ka gan ta da shi a saman ƙofa, inda za a hango daga nesa a kuma ji ƙararrawarsa.

Sati shida da na yi alkawari sun wuce tun makon jiya. A kan tabarma muke cin abinci, yara sun ce ya fi daɗi.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Bareyi. Na gwada laka, suka fito kamar karnuka. Na sayi fakitin dawakin roba fam 9, na ɗauki biyu mafi ƙanƙanta na rage musu wuya da wutsiya da reza. Ƙahoni kuwa na fere tsohuwar wayar caja na ciro siraran jan ƙarfen ciki, na murɗa uku-uku na buɗe bakinsu suka yi rassa. Daga taku biyu sun yi kama da barewa. Kusa-kusa kada a matso.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Autanmu ya ga ƙofa, ya ga dawaki, ya ga babu dalilin da zai hana motarsa ta kashe gobara shiga. Tsaninta ya kwashe hasumiyar daga tushe. Ƙubba ta gangara ƙarƙashin firji, ginshiƙai biyu sun karye, barewa ɗaya ta rasa ƙaho. Na dawo daga aiki na tarar da shi ya ɓuya bayan labule, uwar tana ta ba ni haƙuri tun ban ce komai ba.

Ban yi faɗa ba, don laifin rabi nawa ne: da gam kaɗai na liƙa hasumiyar a kan kwali, babu abin da ya riƙe ta ta ciki. Yanzu na soka mata sandar katako tun daga filawud har ƙubba. Na ba shi doki ɗaya ya zama nasa, da sharaɗin motar ta tsaya a waje. Dare uku kafin in dawo inda nake.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Na ɗauki hoton aikin na kai wa dattijo. Ya daɗe a kan gurabun, ya ce in na samu hali in je Seaton Delaval a Northumberland, inda katangun gurbin ma na dutse ne, sunayen dawakin kuma har yau suna rubuce a saman kowane gurbi. Sai hira ta kai mu Faransa, bargar Chantilly da Jean Aubert ya fara ginawa a 1719, mai tsawon mita 186, wadda aka yi wa dawaki 240. Ana ba da labarin wai yariman da ya sa aka gina ta ya yi imani zai dawo duniya a matsayin doki, shi ya sa ya gyara wa kansa masauki. Na lissafa a awona: ta haura mita biyu da santimita arba'in. Na ce masa in na kawo wannan gida, ni zan koma kwana a barga.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Bene. Ban yi niyyar yin sa ba da farko, rufi kawai zan ɗora. Maganar Kawu ce ta hana ni. Na raba shi biyu, rumbun hatsi da ingirici a gefe ɗaya da ƙananan kafofin zubo ciyawa daidai kan kowace raga, ɗakunan 'yan barga a ɗaya gefen. Gadaje da ashana, barguna da tsumman tsohuwar riga. Ingirici da igiyar buhu da na tsefe na daddatse.

Ina jera su na ga abin da ya sa ake nisanta barga da gidan maigida, ban da wari. Busasshiyar ciyawa, katako, fitilar mai, murhun ɗakin sirdi, wutar maƙera, duk a rufi ɗaya, mutane kuma na barci a tsakiya. Matakala ɗaya na yi musu. Na tsaya ina kallonta, na ƙara ta biyu a ɗaya ƙarshen.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Fenti fam 12. Dutsen Chatsworth ruwan zuma ne mai haske, ya fi duhu a inda ruwa ke bi. Shafin farko ya fito rawaya kamar kwai, na kashe shi da toka-toka tsinkakke, na bar shi ya taru a tsagogin dutse. Ƙasan ginshiƙai na ɗan sa kore.

Kuɗi zuwa yau fam 119. Abin da ya rage: rufin ɓangarori uku, tagogin baya, bakunan gizo na gefen arewa, maƙera, da juji. Jujin ban san da shi a tsarin farko ba, sai da na tambayi kaina ina toroson dawaki 80 ke zuwa kowace safiya. Zan sa shi a waje ta baya, da ɗan barga ɗaya yana tura baro. Ina bukatar murfin roba mai haske kafin auta ya manta da sharaɗinmu, an ce zai kai fam 40, sai albashi ya shigo.

Na tura wa Kawu bidiyon ɗigon ruwa yana gangarawa kwata. Ya aiko da saƙon murya, ya ce gurbi na huɗu daga hagu komin ya yi wa dokin tsawo, in sauke shi. Na auna, milimita biyu ya ɗara sauran. Gobe bayan isha'i zan cire shi.